Gyara Nawa Ne Ya Isa? Haƙƙin Wanda Ya Sayi Motar da Ta Ƙi Gyaruwa

Ranka ya daɗe shugaban taro, malamaina da iyayena da ke sahun gaba, lauyoyi abokan aikina, masu gareji, direbobi, ɗalibai, da dillalan mota da na hango can baya sun naɗe hannu suna jiran su ji ko da su aka zo, barkanmu da warhaka. Ku kwantar da hankalinku, ba zagi na kawo ba. Kafin in sauka ma zan nuna cewa mai gaskiya a cikinku ya fi kowa asara a halin da ake ciki.

Zan fara da wani ƙanena, malamin sakandare. Shekara uku yana zubin adashi, ya haɗa da ɗan abin da ya samu na gado, ya sayi mota 'yar Kwatano a wani filin sayar da motoci a nan cikin gari. Fenti na ƙyalli, kujeru kamar ba a taɓa zama a kansu ba, inji kuwa in ya tashi sai ka kasa kunne kafin ka ji shi. Aka yi ciniki, aka sallama, dillali ya karɓi la'adarsa, aka shafa fatiha. Kwana tara giya ta fara fizga in za ta shiga ta uku. Ya koma. Mai filin ya tarbe shi da fara'a, ya ce ai Malam man giya ne, a kai wa yaronmu ya canja. Aka canja. Mako biyu ta dawo da halinta. Aka ce birenbos ne, aka sa wani, wannan karon da kuɗinsa. Daga nan aka ce waya ce. A wata na uku da ya gaji, ya kai ta wurin nasa makaniken, aka sauke giyabos aka buɗe aka mayar. Sai a wata na biyar, bayan zuwa gareji sau bakwai, ya zo ofishina da takarda ɗaya tak a aljihu, rabin fallen littafi. An rubuta kuɗi da lambar mota, a ƙasa an ƙara da cewa an gani an saya, ba mayarwa.

Ya tambaye ni ko yana da haƙƙi. Na ce yana da shi, amma mafi ƙarfinsa ya zubar da shi a hanya, tsakanin wannan gareji da wancan. Tun ranar tambaya ɗaya ta tsaya mini a rai: a zuwa na nawa ne ya kamata ya ajiye makulli ya ce a ba shi kuɗinsa? Na biyu? Na huɗu? Wa ke da ikon cewa gyara ya isa haka?

Bari in fara daga gida. Da yawa muna ɗauka maganar haƙƙin mai saye baƙuwa ce da ta zo da Turawa, alhali duk wanda ya zauna gaban malami har ya kai babin ciniki a Risala, ko ya shiga Sani na Mukhtasar, ya bi ta kanta. Malamai suna kiranta zaɓin aibi. Ka sayi abu, daga baya ka tarar da aibin da ke rage masa daraja, wanda tun yana hannun mai shi yake tare da shi, kuma ba a nuna maka ba. To kana da zaɓi, ko ka riƙe a yadda yake, ko ka mayar ka karɓi kuɗinka. Daga cikin tushen wannan babi akwai hadisin dabbar da aka tara wa nono. Mutum ya ƙi tatsar akuyarsa ko taguwarsa kwana biyu uku kafin ranar kasuwa don hantsa ta cika ta batse, mai saye ya ɗauka mai yawan nono ce. Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya hana yin haka, ya kuma ba mai saye zaɓi har kwana uku, in ya so ya mayar da ita haɗe da sa'i guda na dabino a madadin abin da ya tatsa. To ku gaya mini, mene ne bambancin wannan da wanda ya ɗura baƙin mai mai kauri don inji ya yi shiru na mako ɗaya? Ko wanda ya cire ƙwan fitilar gargaɗin nan da ke gaban direba don kada ta kama? Ko wanda ya mayar da mita baya, motar da ta ci kilomita 280,000 ta wayi gari tana nuna 90,000? Duk tara nono ne, da sifana aka yi shi kawai.

Fiƙihun Malikiyya ya shiga lungunan da mai mota zai so ya sani. In ka sayi motar haya ka yi wata biyu kana lodi da ita sannan tsohon aibi ya bayyana ka mayar, kuɗin da ka samu naka ne, mai sayarwa ba zai ce ka kawo balas ɗin wata biyu ba. Dalili kuwa, da ta ƙone a wannan tsakanin, asararka ce, saboda haka amfanin ma naka ne. In kuma wani sabon aibi ya same ta a hannunka, a ce ka buga ta, sannan ka gano tsohon, to ko ka riƙe ta a rage maka kuɗi daidai da tsohon aibin, ko ka mayar ka biya abin da sabon ya rage. In aka yi jayayya kan aibin tsoho ne ko sabo, alƙali yana kiran masana abin su duba. A da masu sanin dawaki ake kira, yau makanike ne. Sharaɗin nan kuwa na “an gani an saya” malamai sun san shi, suna ce masa sayarwa bisa barranta daga aibi, kuma ba ya wanke wanda ya san aibin ya ɓoye.

Amma ga inda ƙanena ya fara faɗuwa. A wannan fiƙihun dai, in ka ga aibi sannan ka ci gaba da amfani da abin kamar yadda mai shi ke yi, ka hau dabbar, ka ɗora mata kaya, ana ɗaukar haka a matsayin yarda, zaɓinka ya faɗi. An yi wa matafiyi uzuri, wanda aibin ya bayyana masa a tsakiyar hanya ba shi da yadda zai yi. Ba a yi wa wanda ke zuwa makaranta da ita kullum safiya har wata biyar ba.

Dokar Turawa da muka gada ma a nan ta tsaya, har ta fi tsanani. Dokar sayar da kaya ta Ingila ta 1893 ta shigo mana ne cikin dokokin da ke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairu, 1900, kuma har yau da ita ake hukunci a jihohin da ba su yi tasu ba. Waɗanda suka yi tasu ma, mafi yawa kwafarta suka yi. Ta ce duk wanda sana'arsa ce sayar da irin kayan, akwai sharaɗi a cinikinsa ko ba a faɗa ba, cewa kayan sun kai a sayar da su, kuma sun dace da siffar da aka ba su. In an ce maka ƙirar 2012 ce ta tashi 2008, an saɓa. Amma akwai ƙaya biyu. Ta farko, in ka duba kayan kafin saye, duk aibin da irin wannan duban ya kamata ya gano, babu ruwan mai sayarwa da shi. Wato makaniken da ka ɗauko ya zagaya motar ya buga taya da ƙafa ya ce “Alhaji, garau take”, yana iya zama shaida a kanka. Ta biyu, in ka riƙe kayan ya wuce lokacin da hankali zai ɗauka ba ka sanar cewa ka ƙi su ba, ka karɓa ke nan, sai dai ka nemi diyya, ba mayarwa ba.

Nawa ne wannan lokacin? Ku ji wata shari'a da aka yi a Ingila, ta Bernstein da kamfanin Pamson Motors, da ke cikin rahotannin shari'a na 1987. Mutumin ya sayi sabuwar Nissan Laurel fil. Kimanin mako uku, ya yi mil 140 kacal, kusan tazarar Kano zuwa Kaduna, inji ya buga a kan babbar hanya saboda wani ɗan curin gam da ya toshe hanyar mai tun daga masana'anta. Alƙali ya yarda motar ba ta kai a sayar ba. Amma ya ce mako uku ya isa, ya riga ya karɓa, ba zai mayar ba. Su Ingila sun ga wannan hukunci ya yi tsauri, suka gyara dokarsu a 1994, sannan a 2015 suka yi sabuwa wadda ta ba mai saye kwana 30 na mayarwa kai tsaye, bayan haka mai sayarwa yana da damar gyara sau ɗaya, in gyaran bai ci ba mai saye na iya mayarwa. Masu dokar sun bar ta tuntuni, mu da muka ara muna nan riƙe da ita.

Sai dai ba mu zauna hannu rabbana ba. A farkon 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar gasar kasuwanci da kare masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta shafe tsohuwar dokar 1992, ta kafa hukumar da ake kira FCCPC da kuma kotun musamman ta wannan fanni. Zan so duk mai biro a nan ya rubuta lambobin da zan faɗa, domin da su za a yi magana ranar da ta ɓaci.

Sashe na 131 ya ce haƙƙinka ne a ba ka kaya masu inganci, masu aiki, marasa aibi, waɗanda za su yi ƙarko na lokacin da ya dace in an duba irin amfanin da ake yi da su da yanayin da aka sayar da su. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ta masu 'yar Kwatano. Ba wanda zai ce motar da ta shekara goma a hanya ta zama kamar ta leda, ƙugin shokazoba da ɗan tsatsan salansa suna cikin kuɗinta. Amma giyar da ta mutu a kwana tara ba tsufa ba ne, ciwo ne da ta zo da shi. Sashe na 132 shi ne zuciyar maganar: cikin wata uku da karɓar kaya, in ba su cika waɗancan sharuɗɗa ba, kana iya mayar da su ga wanda ya sayar maka ba tare da tara ba, ɗawainiyar mayarwar ma a wuyansa, shi kuma ko ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar maka da kuɗinka. Sashe na 129 ya haramta duk sharaɗin da zai raba mai saye da haƙƙinsa na mayar da kaya masu aibi, saboda haka rubutun nan na “ba mayarwa” da ke ƙasan rasidi, tawada aka ɓata. Sashe na 117 ya wajabta a bayyana fili in kayan na hannu ne ko an yi musu kwaskwarima, na 118 ya wajabta ba da rubutacciyar shaidar ciniki. Sai na 145, wanda ko lauyoyi ba kowa ya lura da shi ba: in aka yi zargin kaya na da aibi, nauyin kawo hujja yana kan wanda ya sayar. Ba kai za ka sha wahalar tabbatar da cewa giyar a mace ta zo ba, shi zai nuna lafiya lau ya ba ka.

Doka ce mai kyau, kuma ta fi abin da yawancinmu muke zato. Da 'yan kasuwa take magana, masu fili da kamfanoni. In maƙwabcinka ne ya sayar maka da tasa ta hawa, komawa za ka yi ga fiƙihu da dokar kwangila. Amma tana da rami, kuma ramin shi ne ya haɗiye ƙanena. Ta ce a gyara, ba ta ce sau nawa ba. Mai fili mai wayo ba zai taɓa ce maka ba zai karɓa ba. Zai ce kawo a duba. Zai ba ka kujera da ruwan sanyi, ya tambayi iyali. Kowane “kawo a duba” yana cin mako biyu, shida daga cikinsu sun cinye wata uku. Mu kuma an tarbiyyantar da mu da kunya da kawaici, musamman in dillalin ɗan unguwa ne ko tare kuke sallar asuba. Haƙuri halin kirki ne, ban musa ba, amma a wannan babi agogo yana tafiya a kan mai haƙuri.

Wannan ramin ne Amurkawa suka cike, kuma shi ya sa ake yawan ambatonsu in ana wannan magana. A bakinsu, motar da ta fito da ciwo tun daga masana'anta ana ce mata lemun tsami, kyau a ido, ɗaure fuska in an ɗanɗana. Abin da yaran kasuwar waya ke kira jagwal ke nan. Tun 1975 suna da dokar tarayya ta Magnuson da Moss a kan garanti, amma ba ta hana kamfani ya yi ta gyara har garantin ya ƙare ba. A 1982 jihar Konetikat ta fara yin dokar da ta sa wa gyara iyaka, sauran jihohi suka bi, yau kowace jiha tana da irin tata. Ɗauki Kalifoniya. Cikin wata 18 na farko ko mil 18,000, duk wanda ya riga zuwa, in an gwada gyara aibi ɗaya sau huɗu bai gyaru ba, ko sau biyu in aibin na iya kisa ko mummunan rauni, kamar birki ko sitiyari, ko kuma motar ta yi fiye da kwana 30 jimilla a gareji, doka tana ɗauka an ba kamfani dama ta isa. Sai ya musanya ko ya mayar da kuɗi, kuma mai saye na iya cewa shi kuɗi yake so. Ana cire ladan hawan da ka yi kafin ka fara kai ta gyara, da lissafi mai sauƙi: mil ɗin da ka yi a raba da 120,000, a ninka da kuɗin motar. Motar dala 30,000 da ta fara ciwo a mil 6,000, dala 1,500 za a cire. Ku lura a nan fiƙihunmu ya fi sassauta wa mai saye, tunda shi bai cire ladan hawa ba. In mai saye ya yi nasara a kotu, kamfani ne ke biyan lauyansa, in kuma aka tabbatar da gangan ya ƙi bin doka, ana iya ƙara masa tara har ninki biyu na asarar. Wannan biyan lauyan ne ya sa talaka ke iya ja da kamfanin da ya fi wasu ƙasashe kuɗi.

Ba sai mun tsallaka teku ba ma. Dokar Afirka ta Kudu ta 2008, wadda duk mai karanta tamu zai ga kamanninsu kamar an tsaga kara, wata shida ta bayar, kuma ta faɗa ƙarara cewa mai saye ne ke zaɓa tsakanin gyara da musanya da kuɗi. Ta ƙara da cewa in an gyara, cikin wata uku aibin bai tafi ba ko wani ya ɓullo, ba sauran gyara, sai musanya ko kuɗi. Wannan jimlar guda ɗaya ita nake roƙon 'yan majalisarmu su ɗauko. Ba ta buƙatar kasafin kuɗi, ba ta buƙatar sabon gini.

Wani zai ce me ya haɗa mu da Kalifoniya, mu da sabuwar mota sai gwamnati da banki? Abu biyu. Na ɗaya, mu ma muna sayen sabo, sai dai mai ƙafa uku ne ko biyu. A-daidaita-sahu da babur a kwali suke zuwa, kuma sashe na 132 bai ce sai mai ƙafa huɗu ba. Garantin da kamfani ke bayarwa ƙari ne a kan doka, ba madadinta ba. Yaron da ya karɓi ɗan sahu a kan biya sannu-sannu ya sani cewa akwai dokar 1965 da ta tsara irin wannan ciniki, kuma in ya biya kashi uku cikin biyar na kuɗin, mai shi ba shi da ikon ƙwacewa ya sayar sai ta hanyar kotu. Na biyu, ina kuke zaton motocin da kamfanoni suka karɓa a Amurka suke tafiya? Ba ƙona su ake yi ba. A Kalifoniya ana buga wa takardar mallakarsu hatimi, a liƙa alama a jikin ƙofa, sannan a kai su gwanjo. A irin waɗannan wuraren gwanjo ne kuma ake sayar da waɗanda suka yi haɗari inshora ta biya, da waɗanda ambaliya ta shanye, irin ta guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017. Daga can sai jirgin ruwa, sai Legas ko Kwatano. Tun 1 ga Janairu, 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, amma sunan 'yar Kwatano bai bar bakinmu ba. Kafin ta iso fili an bi ta da fanbita da mai fenti, alamar ƙofa ta tafi, hatimin ya zauna a can. Motar ambaliya kuwa ita ce uwar masu ƙin gyaruwa, domin ruwa in ya shiga wayoyi, yau gilashi ne, gobe fitila, jibi ta mutu a tsakiyar titi, rewaya ya yi ta bi har ya tsufa.

Abin da bai goguwa shi ne lambar casis. Tun 1981 kowace motar da aka yi wa kasuwar Amurka tana da lamba mai harafi da alƙalami 17, tana nan a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. Da ɗan kuɗi za ka sa ta a intanet, a wurare irin su Carfax, ka ga tarihinta: haɗari, ambaliya, mita nawa ta nuna ranar da aka duba ta na ƙarshe, sau da yawa har da hotunanta a filin gwanjo. Na ga mutum ya kalli hoton motar da yake shirin biya, gabanta a markaɗe kamar gwangwanin madara.

Yanzu ga alƙawarin da na yi wa dillalai. A 1970 wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, George Akerlof, ya rubuta maƙala a kan kasuwar motocin hannu, wadda tana cikin abin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 2001. Abin da ya ce kowane ɗan kasuwar Kano ya san shi a aikace. In mai saye ba ya iya bambance mai kyau da jagwal, zai taya kowace da kuɗin tsaka-tsaki, don ya rage asara. Mai mota ta ƙwarai ya ga tayin bai kai ba, ya ce albarka, ya janye. Mai jagwal ya sallama da murna. A hankali masu kyau su ƙaurace, kasuwa ta cika da ruɓaɓɓu, amana ta ƙara faɗuwa, farashi ya bi ta. Wato kai da ka biya cikakken kuɗin kwastan ka kawo mota mai lafiya, kai kake biyan kuɗin ƙaryar maƙwabcinka. Maganin shi ne abin da mai jagwal ba zai iya kwaikwaya ba: rubutaccen garanti. Jihar Niyok ta wajabta wa dillalan motocin hannu garanti na kwana 90 ko 60 ko 30, gwargwadon tafiyar da motar ta yi. Ba abin da ya hana ƙungiyar dillalai a nan ta ce duk ɗanta zai ba da kwana 30 a kan inji da giya, a rubuce. Wanda ya ƙi, masu saye sun gane shi.

Kafin majalisa ta motsa, kai mai saye kana iya rubuta taka dokar a takardar ciniki, domin sharaɗin da aka yarda da shi yana ɗaure kowa, a kotun majistare da kotun shari'ar Musulunci baki ɗaya. A rubuta lambar casis, shekarar ƙira, abin da mita ke nunawa, da abin da mai sayarwa ya faɗa da bakinsa: ba ta yi haɗari ba, ba a taɓa buɗe inji ba. In ya ce a bar wannan a baki, ka ji amsarka. A ƙara layi ɗaya: in inji ko giya suka ba da matsala cikin wata uku, gyara biyu ne, na uku kuɗi. Shaidu biyu su sa hannu, dillali ma ya sa, kada ya ci la'ada ya zama baƙo. Ka biya ta banki zuwa asusun mai sunan da ke kan rasidi.

Ranar da ta fara ciwo, ranar za ka sanar, kuma a rubuce. Saƙon WhatsApp ma hujja ne a kotu, ka ɗauki bidiyon fitilar da ta kama da ƙarar da take yi. Kada ka bari makanikenka ya kwance komai. Ya duba, ya sa na'ura, ya rubuta abin da ya gani, amma ranar da ya sa sifana a giyabos ka ba mai fili amsar da yake nema: ai yaronka ne ya ɓata. Duk zuwa gareji ka rubuta ranar shiga da ranar fita da abin da aka ce an canja. In gyara na biyu bai ci ba, ka daina hawa. Ka rubuta wasiƙa cewa ka ƙi motar, ka ambaci sashe na 132, ka ba da wa'adi, ka mayar da ita gaban shaidu a sa maka hannu. Kada ka jefar da makulli ka yi fushi ka tafi, sai ka rasa mota ka rasa hujja.

In ya ƙi, sashe na 146 ya buɗe maka ƙofofi: ƙorafi ga FCCPC, wadda ke karɓa ta intanet, ko kai tsaye kotu. A nan Kano akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta jiha, akwai zaurukan sulhu, kuma sau da yawa shugabannin kasuwar kansu sun fi kowa saurin kashe irin wannan wuta in ka je musu da takardu, ba da hayaniya ba. Ƙofa ɗaya ce nake roƙon ku rage bugawa, ta ofishin 'yan sanda. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum don saɓa kwangila kawai, kuma na ga wanda ya sa aka tsare mai fili kwana biyu, ya ƙare shi ake bi diyyar tauye haƙƙi, motar kuma tana nan a kan duwatsu. In akwai zamba ta zahiri, mitar da aka juya ko takardun kwastan na jabu, wannan laifi ne a Final Kod, a kai shi inda ya dace. Giyar da ke fizga kuwa maganar alƙali ce da makanike.

Ƙanena dai sulhu muka yi. Dattawan kasuwar suka zauna, mai filin ya yarda ya ɗauki rabin kuɗin wani giyabos na Beljiyam, shi ya ɗauki rabi. Da muka sa lambar casis ɗin daga baya, ta nuna motar ta taɓa kwana cikin ruwa kafin ta hau jirgi. Tana nan yana hawa, in an yi ruwan sama gilashin baya yakan sauka da kansa.

Ranka ya daɗe shugaba, na ga ka ɗaga mini agogo. Na hango hannuwa uku a sahun dillalai, a fara da su.